Ƙanena Ya Kayar Da Mijina Mai Baƙar Ɗamara, Ni Kuma Dariya Ta Ƙwace Mini

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar, gidana ya koma filin daga kuma ni ce a tsakiya.

Maigidana gyaran firji yake yi, amma in kika tambaye shi sana'arsa, karate zai fara ambata. Tun kafin mu yi aure yake wasan, yau shekara ashirin da ɗoriya. Yana da baƙar ɗamara, wadda a wurinsu ita ce alamar ƙwarewa, kuma ban isa in haɗa ta da sauran kayan wanki ba. A falonmu hotonsa da ƙafa a sama ya fi hoton aurenmu girma. Duk Asabar yana koyar da yaran unguwa a wani ɗaki da makaranta ta ara masa, suna ce masa Malam suna rusunawa. Mutumin kirki ne, Anti, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, in ban da katakan da yake fasawa a wasan, su kam sun sha wuya a hannunsa.

Ƙanena kuwa, Auta, akawu ne, aikinsa zaman kujera. Tumbi ya fito masa har likita ya ce ya riƙa motsa jiki, shi ne ya shiga ajin kokawar zamani, irin wadda ake kama mutum a kai shi ƙasa a murɗe. Ko shekara bai cika da farawa ba.

Ranar da abin ya faru, Auta ya zo mana cin abincin rana. Da ma akwai wasa tsakaninsu irin na miji da ƙanen mata. Ina kicin na ji maigidan yana tsokanarsa, wai abin da suke yi birgima ce ta yara, faɗa kuwa sai wanda ya daɗe a ciki. Auta ya ce daɗewa ba ta da amfani, irin wasan da mutum ya koya shi ke raba gardama, duk tsallen mutum in aka rungume shi magana ta ƙare. Sai na ji ana jan kujeru.

Na fito da tiren shayi na tarar maigidan ya gyara tsayuwa. Ya yi wannan ƙarajin nasu, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar nan ba ta koma ƙasa ba. Auta ya cafe ta kamar kyauta aka miƙa masa, ya tura shi suka zube a kan kafet, ya haye ƙirjinsa ya zauna da tumbinsa duka. Na ga maigidan yana bubbuga ƙasa da tafin hannu, na ɗauka wani sabon salo ne, ashe roƙo yake a ɗaga shi.

Anti, dariya ta ƙwace mini. Na toshe baki ta fito ta hanci. Na ruga kicin na buɗe famfo don kada a ji, amma an ji.

Tun ranar ban da sakat. Da farko ya ce kafet ne ya zame. Daga baya ya ce falon ne ya yi ƙunci. Jiya kuma cewa ya yi shi ya sassauta da gangan, don bugunsa na kisa ne, ba ya so ya raba ni da ƙanena. A karkace yake tafiya, ɗakinmu duk warin man zafi, na tambaya ya ce maganin sauro ne. Magana da ni sai ta kama. Sunan Auta ma ya daina faɗa, sai dai ɗan'uwanki.

Yanzu ya aika wa Auta cewa a sake karawa ranar Asabar, a ɗakin koyarwa, a gaban ɗalibansa. Shi kuma sarkin rashin hankali ya amsa. Mamanmu ta ce in ya sake taɓa surukinta kada ya taka mata gida. Ni gaba kura baya siyaki. In maigidan ya sake faɗuwa a gaban yaran nan ajin zai watse, kuma ajin nan shi ne ransa, ba gyaran firji ba. In kuma ya yi nasara, to ƙafarsa ta sauka a fuskar ƙanena ke nan. Na yi tunanin roƙon Auta ya faɗi da gangan, amma yaro ne da ko ƙaryar ciwon ciki bai iya ba tun yana ƙarami.

Ki faɗa mini tsakani da Allah, shekaru ne ke cin faɗa ko irin wasan? In san wanda zan fara yi wa jinya.

Daga wadda dariya ta ja wa.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma sai da na ajiye wasiƙar na share hawaye, don haka ban da bakin yi miki faɗa sosai.

Tambayarki na kai wa wani tsohon mai horar da 'yan wasa, ya ce kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Shekaru suna aiki, amma a kan abin da mutum ya shafe su yana yi. Maigidanki ya ƙware a faɗan tsaye, da tazara tsakaninsa da abokin karawa. Da aka kai shi ƙasa, an kai shi ajin da bai taɓa shiga ba. Kada ma a ruwa yake da ƙarfi. Auta kuma kada kansa ya kumbura. Ya samu ɗaki ƙarami, da nauyin jiki, da mutumin da ya raina shi. A fili mai faɗi, kafin ya kai ga rungumar yana iya haɗiye haƙori.

Sai dai ba wannan ke cin maigidanki ba. Faɗuwa ya sha yi, ba wanda ke kaiwa matakinsa bai sha ƙasa ba. Abin da bai taɓa ji ba shi ne dariyar matarsa daga sama yana kwance. Karawar Asabar dominki ya shirya ta, ba domin Auta ba. Ki same shi ku biyu ki ba shi haƙuri, gajere, ba tare da kin sake ba da labarin ba, don na san inda za a ƙare. Ki gaya masa ba don ɗamara kika aure shi ba. Sannan ki lallaɓa shi ya ga likita, gadon bayan da ya haura shekara arba'in ba a yi masa gardama.

Batun Auta ya faɗi da gangan, ki bar shi. Wanda ya daɗe a wasa ya san faɗuwar ƙarya, kuma wannan zai fi masa ciwo.

Ki sa Auta ya zo har gida ya gaida yayansa, ya ce ya janye, ya roƙi a koya masa tsayuwa da kare fuska, tunda da gaske bai iya ba. Ranar Asabar ya je a matsayin ɗalibi. In maigidan ya ga dama, ya sa shi ya nuna wa yaran yadda ake kama ƙafa, shi kuma ya nuna yadda ake hana kamawa. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Malamin da ya ce akwai abin da ya rage masa ya koya, ɗalibai ba sa gudunsa.

Ke kuma ranar ki zauna a gida. In suka dawo kowa yana cewa shi ya koya wa ɗan'uwansa, ki gaskata su duka biyun. Allah ya ba maigida lafiya, ya zaunar da ku lafiya.