Shuɗin Tabarau da Inuwar Gadar Kawo

Zuwa ga sanyin idona, Yaya Sharhabil, inuwar darbejiyata a tsakar ranar bazara, ƙamshin ƙasata bayan ruwan farko!

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya kafaɗar? Wallahi sau bakwai ina naɗa maka saƙon murya ina gogewa, ni da bakina ba ya hutawa, ni da kake tsokana wai waya ta zama yatsana na shida. Yau kunya ta ɗaure min harshe, shi ya sa ka ga takarda.

Ka tuna yammacin da ka jingina kekenka a ƙofar gidanmu a Unguwar Sarki, gumi na gangaro maka daga hular kwano kamar raɓa a ganyen masara? Ka ce rana na kashe maka ido in kun kama hanyar Katabu kai da abokan hawan kekenka, in ka sa baƙin gilas kuma inuwa ta makantar da kai. Ka ce akwai tabarau mai bin haske, ya yi duhu a rana, ya washe a inuwa. Ka ce, "Harira, ke ce gwanar bincike, ki zaɓo min." Wayyo, ranar ji na yi kamar an naɗa ni sarauniya!

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Mai shagon tabarau da na je wurinsa bai ɓoye min komai ba, kar ka ga laifinsa. Guda biyu ya ajiye a gabana. Ya ce farin shi ne mai canzawa, shuɗin kuwa ado ne, duhunsa ɗaya ko a rana ko a ɗaki. Farin, ka yi haƙuri, kamar na malamin lissafi. Shuɗin kuma sheƙi yake kamar wuyan ɗawisu. Na hango shi a fuskarka, na hango hotonka a sitatus ɗina, na hango ƙawayena suna ta turo min masha Allah. Na ɗauko shi. Da ka tambaye ni ko yana canzawa, na kalli tsakiyar idonka na ce eh, a hankali yake yi.

Sai ranar Asabar ƙanwarka Kaltume ta kira ni tana kuka. Ka fito daga hasken rana ka shiga ƙarƙashin gadar Kawo, duhu kan duhu, ba ka ga tsakuwar da ta zube a hanya ba, keken ya kayar da kai a kan kafaɗa. Innalillahi! Wace irin mace ce ni? Ka ba ni amanar idonka, na je na yi kwalliya da ita.

Abin da ya fi ci na, mako uku kana sa shi. Ai ka gane ba ya canzawa, ko ba haka ba? Amma da Ummanku ta tambaye ka dalilin faɗuwar, sai ka ce gudu ka yi da yawa. Na zo gidanku a Malali dubiya da farfesuna, Umma tana ta sa min albarka, tana cewa 'yata mai hankali, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Me ya sa ba ka yi min faɗa ba, hasken safiyata? Shirunka ya fi min zagi ciwo.

Wata mai zuwa kawunnanka za su kawo goron sa rana. Ba na so su taka gidanmu kana zaton kuskure na yi. Ba kuskure ba ne, ƙarya na yi maka. In ka ce a dakata, ba zan ce ka zalunce ni ba, sai dai in bushe kamar kogin Kaduna a watan Maris.

Jiya na koma shagon na ɗauko farin. Na fita da shi rana, na danne gefe ɗaya da babban yatsana. Ina kallo ya yi duhu, wurin yatsan kaɗai ya rage fari tas. Ga shi nan na ba Kaltume tare da wannan takarda. Kar ka yarda da maganata, ka fita tsakar gida ka gwada da naka yatsan.

In ka yafe min, ka turo min hotonka da shi. Wallahi ba zan sa a sitatus ba, ni kaɗai zan gani.

Taka a rana, taka a inuwa, har ƙarshen numfashina,
Harira