Randar Gwaggo Hansai

Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Legas?

A kwas ɗin kula da gajiyayyu da nake yi a Malumfashi, malamarmu ta ce kada "lafiya lau" ta ishe mu, mu leƙa randa, mu duba magani. Na gwada a ɗakin Gwaggo Hansai a Gozaki.

Yaya, randa ba ko ɗigo! Maganin tarinta yana ƙulle tun damina, don idonta ya tafi, kunya kuma ta hana ta faɗa. Mu kuwa kullum sai mu gaishe ta mu wuce!

Gwaggonmu ce ta farko da na buɗe wa katin kula da gajiyayyu. Ka sa ta a addu'a, mu kuma ka roƙa mana gafara. Gaida kowa.

Ƙanwarka,
Ladi