Ingilishin Kawu Issaka

Malanville, 3 ga Afrilu 1977

Ƙanena Issaka,

"Ingilishin Bilki a wuyana yake." Haka ka ce ranar sadakar arba'in ta ubanta, a gaban jama'a. Bayan haka ina gaishe ka, da fatan kana lafiya a Segbana.

Shekara biyu ke nan. Saura wata biyu jarrabawa, kuma Ingilishi kaɗai ke jan ɗiyata ƙasa. In ta faɗi, dangin ubanta za su maida ta Garou dashen shinkafa.

Tambaya ɗaya ta aiko maka: mene ne jam'in child, kuma yaya ake rubuta abin da yake na yaran? Ka ce ta liƙa s a wutsiyar kowace kalma. Ta rubuta childs, mushe, wato malaminsu na Ingilishi, ya kewaye shi da jan biro, aji ya yi dariya. Ni Faransanci da Larabci na karanta, amma ko a Hausa jam'in yaro ba "yarori" ba ne. Wai kai ne tafintan duwan, ofishin kwastan guda.

Yayarka, Hannatu

Segbana, 11 ga Afrilu

Yaya Hannatu,

Gaisuwa da ladabi. Mushen nan Ingilishin littafi ya sani, ni kuwa da masu harshen nake wuni. Aiki ya yi yawa, sabon shef, shugaban ofis ɗinmu, kamarad ne, ɗan juyin juya hali mai zafi. Ga atamfa na aiko wa Bilki.

Na bar ki lafiya. Issaka

Malanville, 17 ga Afrilu

Issaka,

Ina gaisuwa. Atamfa ba ta zana jarrabawa. Na je wurin mushe da ƙafata, ya buɗe mini littafi: child ɗaya, children da yawa, children's abin da yake nasu. Ko shayinsa bai huce ba muka gama. Me ya hana ka faɗi haka?

Hannatu

Segbana, 24 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki ƙone takardar nan in kin karanta.

Ban iya karanta Ingilishi ba. Da kunne na tsince shi a tashar Kamba, lokacin da nake lodin albasa. Baki yana yi, hannu ba ya yi. In takarda ta zo, sai in ce idona ke ciwo, direba ya karanta. Ranar sadaka kowa ya ɗauki wani nauyi, ni kuwa ba ni da komai sai sunan tafinta. In shef ya ji, aikina ya ƙare.

Ki gafarce ni. Issaka

Malanville, 1 ga Mayu

Ƙanena,

Gaisuwa. Takarda ta ƙone, fushina bai ƙone ba. Da ka faɗa tun farko, da na nemo wani, shekara biyu ba su tafi a banza ba.

Amma na yi tunani. Mushe ya ce akwai jarrabawar baki, Bilki kuwa in an yi mata Ingilishi sai ta kalli ƙasa. Kai kana da baki, ita tana da hannu.

Lahadi mai zuwa, ranar kasuwa, ka sauka a gidana. Tabarma ɗaya za ku zauna: ka yi mata magana, ta nuna maka rubutu. In la'asar ta yi ban gan ka ba, Litinin zan hau motar Segbana da ita da littafinta, mu shimfiɗa tabarmar a ƙofar ofis ɗinku, ka koya mata a gaban kamarad shef.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka, Hannatu