Hitar Motar Muhsina

Bokkos, Jihar Filato

Yaya Abdulganiyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida mahaifiyarmu Alhaja. Na ba Mu'azu direban dankali wannan takarda ya kai maka gareji, don na san in na kira waya Alhaja na gefenka tana kasa kunne.

Motar da ka aiko tana tafiya lafiya, sai dai hita mai ɗumama cikinta ba ta aiki. Fanka na juyawa, amma iskar kamar daga firji. Ka san tun asuba nake fita aiki asibiti, in sauke 'yata Rahma a makaranta, kuma ka san yadda sanyi ke tayar mata da sikila. Bargo biyu nake naɗe ta da su, duk da haka haƙoranta na kaɗawa. Ka faɗa mini abin da zan duba.

Ƙanwarka,
Muhsina

Agege, Legas

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Mu nan zufa muke sharcewa, ke kina neman ƙarin zafi. Ikon Allah!

Ki duba ruwan lagireto da safe kafin ki tada inji, in ya ragu ki cika. Amma wai wahalar nan ta mece ce? Alhaja ta ce in gaya miki, ke ki zauna da aikinki, ki kawo mata jikarta. Ta ce idan ciwon ya sake tashi, da kanta za ta aiko a ɗauko yarinyar, kuma kin san Alhaja ba ta maimaita magana.

Yayanki,
Abdulganiyu

Bokkos

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa a cike yake. Ciwon kuma ya tashi, mun kwana a asibiti tana kukan ƙafafunta. Ta samu sauƙi, amma kada ka faɗa a gida.

Ba zan ba da 'yata ba. Tun rasuwar mahaifinta ni da ita muka rage, in ta tafi ban san wa zan dawo in tarar ba.

Na buɗe bonet da kaina, na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har hannuna ya yi baƙi. A bayan inji na ga bakin bututu biyu masu shiga cikin mota, babu komai a jikinsu. Kusa da su ga wani tiyo an lanƙwasa shi ya koma inda ya fito. Allurar da ke nuna zafin inji kuma ba ta tashi ko na yi doguwar tafiya. Ni ba makanike ba ce, amma a garejin Baba na girma. Yaya, me aka yi wa motar nan?

Muhsina

Agege

Ƙanwata,

Allah ya ƙara wa Rahma lafiya. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi benci.

Abin da kika gani aikinmu ne. Duk tokumbo, wato tsohuwar mota daga waje, da ta shigo garejinmu, muna cire mata tamostat, ɗan marfin da ke tsare ruwa sai inji ya yi zafi, mu kuma raba hita da ruwan injin. Wa ke kunna hita a Legas? Na gane matsalar daga takardarki ta farko. Da na ambata a gida, Alhaja ta ce in yi shiru, wai in sanyi ya ishe ki za ki kawo yarinyar. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, ta binne ƙanenmu da ciwon nan.

Na gaya mata Rahma ta kwanta asibiti, ki yafe mini. Ta tashi ta shige ɗaki.

Ga tiyo biyu da tamostat a hannun Mu'azu. Ki tsaya a kan makanike ya haɗa kowane tiyo da bakinsa. Ya cika ruwa, ya bar marfin lagireto a buɗe inji na aiki har kumfa ta daina fitowa. Sannan ki taɓa tiyon biyu, dole duka su yi zafi. In ya ce ba a sa tamostat a Najeriya, ki ce oganki ya ce a sa.

Yayanki

Bokkos

Yaya,

Sannu da ƙoƙari. Makaniken ya yi gardamar da ka ce, na zauna a kan taya na ce ba inda zan je. Da farko tiyo ɗaya ne ya yi zafi, na sa ya sake fitar da iska, yana ta ƙunƙuni.

Yau da asuba, ba mu ma fita daga unguwarmu ba Rahma ta ture bargo ta ce, "Mama, zafi!" Sai da na tsaya a gefen titi na share hawaye.

Ka gaya wa Alhaja ba na fushi. Amma Rahma na nan wurina.

Muhsina

Agege

Muhsina,

Salam. Na karanta wa Alhaja. Da na gama, ta aike ni kasuwa in sayo mata suwaita da safa.

Ranar Asabar mai zuwa zan sa ta a motar Jos. Ta ce tunda jikar ba za ta zo ba, ita za ta je. Ki tare ta a tasha, ki kunna hitar kafin ta shiga. Ban da zuwa Makka, tsohuwar nan ba ta taɓa wuce Ibadan ba.

Abdulganiyu