Littafin Baba Ya Rasa Suna

Hexham, watan Nuwamba

Zuwa ga Yayana Crispin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Imogen da yara, da tumakin nan naka da ka fi tunawa da su a kan 'yan uwanka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a kiwo. Na san ku can New Zealand yanzu rana kuke sha, mu kuwa ruwa ya ƙi ɗaukewa, tun la'asar gari ya yi duhu. Gwaggo Maud ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma faɗa da mai kawo madara, ka san lafiya ta samu ke nan. Baba yana nan yadda ka bar shi, sai dai idon ya ƙarasa tafiya, hannun dama ma ba ya ɗaguwa. Likita ya ja ni gefe ya ce kada in sa rai zai fita hunturun nan. Ban faɗa maka a waya ba don na san halinka, sai ka yi shiru ka ɗauko mini labarin farashin ulu.

Ka tuna littafin karramawar da ɗalibansa suka ce za su haɗa masa, kowa ya rubuta babi guda? Ni aka ɗora wa tattarawa, tunda ni ce 'yar da ta gaji sana'ar tarihi, ban gudu kiwo ba. Rubutu ya kammala, masu ɗab'i suna jira. Abin da ya rage sunan da za a buga a bango ne kawai, a nan kuma gizo ke saƙa. Da farko mun sa masa "Duniyar Anglo-Saxon", kalmar da Baba ya ƙare rayuwarsa yana kiran mutanen da suka zauna ƙasar nan kafin Normawa su ƙetaro teku su ci ta da yaƙi, kusan shekara dubu da suka wuce. To yanzu kalmar ta zama garwashi a hannun masu sana'armu, domin masu taƙama da farar fata, a Amurka da nan gida, sun mayar da ita tutarsu, da ita suke ware wanda suka ce ɗan ƙasa ne da wanda suka ce baƙo.

Marcia Delisser ce ta fara zuwa. Ka san ta, ɗalibar Baba ta ƙarshe, wadda iyayenta suka zo daga Jamaika, wadda ke cinye mana gasasshen dankali ran Lahadi. Ta zauna a kicin ɗinmu da rigar ruwanta a jiki, ta ce ba za ta sa sunanta a ƙarƙashin kalmar nan ba. Ta ce a wani taron masana wani dattijo ya miƙa mata kofinsa don ya ɗauka mai raba shayi ce, alhali ita za ta yi jawabi. Ta ce tun da ta fito a talabijin tana bayanin wani kabarin dā, mutanen da ba ta sani ba suke aiko mata saƙo cewa ta cire baƙin hannunta daga kakanninsu, kuma da wannan kalma suke sa hannu. Ta dube ni ta ce, ke Hester, a takarda kike karanta ta, ni jifa ake yi mini da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an bar kalmar, ita da matasan duk za su janye babinsu.

Bayan kwana kaɗan sai ga Kawu Leonard Thwaite, babban ɗalibin Baba, wanda ya koya maka hawan keke. Tun daga ƙofa yake faɗa. Ya ce kalmar tana nan a takardun sarakunan zamanin, da hannun marubutansu, ba wani ɗan iska mai ɗaga tuta ne ya ƙirƙiro ta ba. Wai don ɓarawo ya sa rigarka sai ka yi yawo tsirara? Ya ce shi ɗan mai haƙar kwal ne, bai gaji ko cokali ba, amma yau yaran da ya koyar suna nuna shi da baki kamar mai ƙin jinin mutane. Daga nan ya ce ubanki ne ya ba ni wannan suna na masanin Anglo-Saxon, shi kaɗai na mallaka. Idan an cire kalmar, shi da dattawan za su janye nasu.

Na gwada dabara, na ce a buga sunan Baba kawai. Marcia ta yarda, in dai za a faɗi dalili a gabatarwa. Kawu Leonard ya ce wannan ai tuhumar malaminsa ce a cikin littafin yabonsa. Rabin littafi kuma ba littafi ba ne. Gaba kura, baya sayaki. Gaskiya zuciyata tana wajen Marcia, amma duk lokacin da na ɗauki alƙalami zan soke kalmar, sai in ga kamar Baba nake sokewa tun yana numfashi a ɗakin da ke kusa da nawa. Na gaji, Yaya. Ba na iya barin gidan nan saboda jinya, ba na iya buɗe waya saboda su.

Na tambayi Baba ra'ayinsa a fakaice. Ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki, ya ce shi ya sa ya zaɓi aiki da matattu, ba sa kiran taro. Sai ya tambaye ni ko Leonard da Marcia duk suna cikin littafin. Na ce suna ciki. Ya ce to madalla, a kira su cin abincin Lahadi kamar dā, yana so ya ji suna musu a kan teburinsa sau ɗaya kafin ya tafi. Na kira su. Kowa ya ce zai zo da gudu, amma ba ranar da ɗayan yake nan ba. Baba kuwa ya kafe, tare yake son su.

Tun daga nan kowace Lahadi sai in gasa nama, in jera faranti huɗu, in tura shi a keken guragunsa zuwa tebur. Idan abinci ya huce sai in ce jirgin ƙasa ne ya makara, ko ruwa ya cinye hanya. Lahadin da ta wuce ina cikin jera cokula, ya miƙo hannun hagu ya lalubi farantin da ke gefensa, ya tura mini shi a hankali. Ya ce Hester, rage naman nan, yau ma jirgin zai makara. Ban ma kai ga buɗe baki ba. Muka ci abincinmu mu biyu, ya yaba miyar.

Ba shawarar suna nake nema wajenka ba, na san ba ka bambanta Alfred, sarkin zamanin Anglo-Saxon, da mai sayar da kifi. Ka zo kawai. Ka bar wa Imogen tumakin, ka hau jirgi, ko faranti ɗaya ya samu mai shi.

Ka gaishe mini da Imogen, da Tamsin, da ƙaramin Barnaby, ka ce masa hular da na saƙa tana hanya. Gwaggo Maud tana gaishe ku. Baba ma ya ce a gaishe ka, ya ce kada a tayar maka da hankali, lafiyarsa lau.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Hester