Na Hana Auta Zuwa Goyon Ciki

Zuwa ga Rabi, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya aika wa wanda ya riga shi, ina fatan makwancinki na cikin haske.

Autarki Maimuna, wadda kika haifa kika tafi ba ki ga girmanta ba, tana da cikin fari, wata bakwai. Ta aiko daga gidan mijinta a Bacirawa, can birni, cewa za ta zo goyon ciki, ta haihu a gidan ubanta kamar kowace 'ya. Na ce kada ta zo.

Kin san ranar da jini ya ɓalle miki, muka ɗora ki a amalanke da hantsi muka nufi titin Shanono. Maganarki ta ƙarshe ita ce, "Malam, da saura nisa?" Na ce mun kusa. Ba mu kusa ba.

Bayan sadakar arba'in, ni da 'ya'yanki muka ba da gonarki ta bakin hanya, inda kike shuka gyaɗa da rama, don a gina ɗakin haihuwa. Ni ne tsohon hedimasta, ni na yi ta rubuta takardu da Turanci ina sintiri ofis-ofis. Na ɗauka ilimi na buɗe ƙofa.

An gina kuwa. Ranar buɗewa mota ta zo cike da gadaje, aka ɗau hoto, na yi jawabi har da hawaye. Kafin la'asar sai na ga ana mayar da gadajen cikin motar. Wani mai babbar riga ya dafa ni ya ce, "Baba, gobe akwai buɗewa a wani gari."

Duk zaɓe sai an sake wa ginin fenti. Ma'aikaciyar da aka turo ranar Talata take zuwa, kuma ban ga laifinta ba, ba ruwa, ba wuta, ba inda za ta kwana. Amma naƙuda ba ta san Talata ba. Da abinci ya yi tsada, mai ya gagari masu mota, muka koma muka roƙi ungozoma mai zama da mu. Aka ce a tsari garinmu yana da asibiti, ba ma cikin mabuƙata. Rabi, ginin da ke kan gonarki shi ya fitar da mu daga layi.

Maimuna ta kira ni tana kuka, ta ce, "Baba, don ba ni da uwa ne?" Don haka ne mana, amma ba yadda take nufi ba.

Tun da na ji labarin cikin nake tara itacen wankan jego a bayan ɗakinki, ya kai tsayin danga. Jibi zan ɗora shi a mota zuwa Bacirawa, da geron kunun kanwa, da ƙanwata Talatu mai yi mata wankan. Cibiyar jikanki a gidan haya za a binne ta. Na yarda. Gara ta yi fushi da ni tana da rai.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ji ƙanki, Ya yalwata kabarinki. Waɗanda suka kwashe gadajen kuwa, na bar su da Shi.

Mijinki har gobe,
Malam Sani