A Bar Mana Sauran Kududdufinmu

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin da'irarmu,
a birnin Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, barka da haƙuri da jama'a. Sunana Hajiya Rakiya, tsohuwar malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, na ajiye alli da daɗewa. Ina zaune a gidan da aka haife ni, a lungun da ke gangarawa kududdufin magina. Na sha zuwa meri, ofishin naka, neman ganinka, ko a ce ka fita, ko a ce kana taro. Gwiwoyina sun gaji da matakalar ofishinka, shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya ji.

Na ɗaya. Ina so in tuna maka ko mene ne kududdufin nan, don na ji ma'aikatanka suna kiransa matattarar sauro. Sauro kam akwai, ba na musu. Amma kakanninmu ne suka haƙa ramin da hannunsu, gidajen unguwar nan kaf daga cikinsa suka fito. Lokacin da muke yara, da zarar bazara ta yi, ruwansa ya janye, sai mai unguwa ya sa a yi shela, kowane gida ya fito ɗibar ƙasar yaɓe. Maza na sara da diga, jakuna na jigila da mangala, mu ƴan mata muna ɗebo ragowar ruwan da ya kwanta a tsakiya. A zube ƙasa a ƙofar gida, a zuba mata ciyawa da kashin jaki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta ruɓa. Wari kamar me, amma mu wasa ne ya samu, mu koma gida ba a gane fuskar kowa. Mahaifiyata kan dama fura a babbar ƙwarya ta aika wa masu aiki, ba ta tambayar ko na gidan wa ne. Wallahi ina kewar waɗannan kwanaki.

Ba wanda ya taɓa ce mana maganin ambaliya muke yi. Mu dai gyaran gida muka sani. Sai da na tsufa na gane cewa duk mangalar da ta fita daga ramin, wuri ne aka buɗe wa ruwan damina. Garinmu kan dutse yake, ruwa in ya sauko ba ya nutsewa, gudu yake yi yana neman inda zai kwanta, kuma kowace shekara yakan tarar an gyara masa wurin. Shi kuma ya biya mu: da shi ake wanki, da shi ake buga tubali, shi tumaki suke sha har tsakiyar rani. Famfo ɗaya ne a unguwar a lokacin, ruwansa na sha ne da girki da alwala. In mahaifiyata ta kama ka kana wanke ƙafa da ruwan randa, ranar sai maƙwabta sun cece ka.

Na biyu. Ƴan shekarun nan manyan motoci suka fara juye ɓaraguzai da shara a bakin ramin. Aka ce mana don sauro ne, kuma don kada yara su faɗa. Muka yi shiru, don ba uwar da za ta yi jayayya da wannan. Kafin mu ankara rabin kududdufin ya zama fili, an kafa duwatsun iyaka, an yanka, shaguna sun tashi. Ba wanda ya tara mu ya tambaya, ba kuma wanda ya haƙa wa ruwan wata hanya. A daminar bara ruwan ya zo kamar yadda ya saba, ya tarar da shaguna a makwancinsa, ya juyo lungunmu. A zaurena ya kai gwiwa, ya kwana, ya wuni. Ɗakin maƙwabciyata Inna Gaji ya zube, Allah ya sa tana tsakar gida. Ɗanta ya zo ya kwashe ta zuwa Gidimuni. Tare muka yi tallan gyaɗa muna yara, tare muka aurar da ƴaƴanmu, yanzu sai dai mu gaisa ta waya.

Na uku, kuɗin ruwa. Na san ba kai kake yanka farashin kamfanin ruwa ba. Amma famfunan unguwa da izinin meri ake riƙe su, kuma ban taɓa ganin wanda ya zo ya duba nawa ake sayarwa ba. Bido, wato jarkar ruwa, da nake saye dala biyar da sanyi, da bazarar nan ya kai ni dala ashirin a ƙofar gida. Ban ga laifin ƴan ga-ruwa ba, su ma wuni suke a layi cikin rana kafin su cika kura ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne, duk aikin da kududdufi yake yi mana kyauta ya koma kan famfo, kuma farashi na hawa yadda mai riƙe da famfon ya ga dama.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Mahaifina magini ne. Bangon zaurenmu shi ya gina, shi ya yi masa zane da hannunsa kafin a haife ni, irin zanen da baƙi kan tsaya su kalla. Irin wannan bango yaɓe yake so kowace shekara, kuma ba ya son jiƙar gindi. Ruwan bara ya cinye ƙasansa, har hannu yana shiga. Bana na yi niyyar gyarawa. Ƙasar da take bayan gidanmu tana ƙarƙashin shaguna, sai da na saya daga masu amalanke da ke kawowa daga bayan gari. Ruwan kwaɓi kuma bido-bido na saye shi, da kuɗin fanshona. Rabin bangon muka yi, ƙarfina ya ƙare. Ƙanena Mamman Sani, wanda yake kasuwanci a Kano, ya daɗe yana cewa a rushe zauren a yi shaguna da bulo, a huta. Shekara da shekaru ina ƙi. Bana ya zo ya ga tsagar da idonsa, ya tambaye ni ko zan iya amsa wa Allah in bangon ya faɗa kan ɗan wani. Na yi masa alkawari, in ruwa ya sake shiga zauren a daminar nan, na yarda a rushe.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙonka a dakatar da juye shara da yankan fili a sauran kududdufin. A yashe shi kafin ruwa ya sauka, a kuma bar masu gidajen ƙasa su ɗebi ƙasar, za su kwashe maka ita ba tare da ka biya kowa ba. A buɗe wa ruwan lungunmu magudana zuwa ramin. Sannan majalisarka ta zauna da masu riƙe da famfunan unguwa a tsayar da farashi, a rubuta shi a jikin kowane famfo, a riƙa turo mai dubawa, musamman da bazara.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni kuma ba na saɓa alkawari. In duk wannan ya fi ƙarfin meri, to ina da ƙaramin roƙo ɗaya. Ka aiko mini da mai ɗaukar hoton ofishinka, wanda ke bin ka wurin bukukuwa. A saman ƙofar zauren, gefen dama, akwai shatin yatsun mahaifina a cikin ƙasar, inda ya dafa tana ɗanya. Wayata ba ta iya kama shi, kuma jikokina na Yamai ba su taɓa gani ba.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka sauke wannan nauyi lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gidajen bayinsa.

Wassalam.

Hajiya Rakiya,
lungun kududdufin magina, Damagaram.